Abin da Ke Sa Injin Baba Zafi

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa albarka a nema, Ya raya mana yaran nan. Mu nan gida sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana fita unguwa, mitar ce dai ba ta ragu ba, kullum sai ta ce ka manta da hanyar gida. Mai ɗakina ta yaye 'yar autarmu, an sha rigima ta kwana uku, yanzu kuwa ba abin da ke wucewa ta gabanta ba ta kai baki ba. Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. To, garejina ba ya rabo da 'yan zaman hira, a gida kuma kunnen Inna ya fi na kowa, maganar da zan yi maka kuwa ba ta bainar jama'a ba ce. A kan Baba ne da injin jirginsa na fito.

Wata biyu ke nan injin ya fara zafi. Ran farko a tsakiyar ruwa ya mutu masa, da mata 'yan kasuwa sha takwas da kayansu a ciki, sai da Dogo mai fito ya je ya jawo su da igiya. Da aka kawo mini injin gareji murfinsa na warin ƙonanniyar roba. Ka san yadda yake aiki: yana zuƙar ruwan kogi ta 'yan ramukan da ke ƙafarsa kusa da farfela, famfo ya tura ruwan sama ya zagaye shi ya sanyaya shi, sannan ya tsartar da kaɗan ta wani siririn bututu a baya, wanda muke ce wa fitsarin inji. Muddin yana fitsari, lafiya lau. Na kwance ƙafar na tarar da robar famfon ta narke, fukafukanta sun nannaɗe. Na sa sabuwa, na tsoma shi a durom ɗin ruwa na tayar, ya yi ta tsartuwa kamar ba shi ba. Na mayar wa Baba ina ta hura hanci.

Kwana goma bai cika ba aka sake jawo su. Wannan karon ban bar ko ƙusa ɗaya ban kwance ba. Na wanke hanyoyin ruwan duka, na fitar da yashi kusan cikin cokali. Na zura waya a bututun fitsarin ko gizo-gizo ya yi gida. Ɗan ƙarfen nan da ke buɗe wa ruwa hanya idan inji ya ɗauki zafi, na kai shi wurin mai shayi na jefa a tafasasshen ruwa, yana ta faɗan zan lalata masa tukunya, ƙarfen ya buɗe baki sarai a gabanmu. Na duba gaskit, na duba haɗin man. Ba abin da na samu sai robar famfo da ta sake ƙonewa. Karo na uku ma haka, sai dai na ga guntun leda manne a ramukan shan ruwan. Roba ba ta ƙonewa sai ta yi gudu a bushe. Ke nan wani abu ne ke toshe wa injin baki, a kuma bar shi yana ta gudu har ya dafa kansa.

A nan ne raina ya ɓaci, Yaya, ba zan ɓoye maka ba. Baba ya zauna a bakin ruwa yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa shekara huɗu ya tura ni koyon aiki, ashe kwance ƙusa kawai na koyo. Ya ce tun da na sa wa injin hannu bai sake lafiya ba. Mutane suka yi ta dariya, masunta biyu suka zo suka ɗauke injinansu daga garejina ba ko sallama. Ni kuma bakina bai mutu ba, ka san hali. Na same shi a gida na ce masa shi ne ke wulaƙanta inji, in ba zai kula ba ya daina ɓata mini suna. Na zaci zai balbale ni da faɗa. Sai ya ci gaba da murza carbinsa kawai. Har yau in na tuna maganar nan kunya nake ji.

Ranar kasuwar wancan makon na rufe gareji na ce zan bi shi in ji kukan injin a kan ruwa. Bai so ba, amma na riga na shiga na zauna kusa da shi a baya. Ka tuna dokarsa tun muna yara, cewa mai riƙe da inji ba ya cika minti biyu bai waiwaya ya dubi fitsarin ba. Ni da kai mun sha ranƙwashi a kanta. To, yana nan yana waiwayen nan nasa, ba fashi. Muna kaiwa tsakiya na hango kainuwa ta taho da tarkacen leda, faɗinta ya kai tabarma biyu, rana tsaka, ko yaro zai kauce mata. Baba ya ratsa ta tsakiyarta. Ina kallo ruwan bututun ya sirance, ya koma ɗigo, ya ɗauke ƙaf. Sai Baba ya waiwaya, ya dubi wurin sosai, ya gyaɗa kai, ya mai da fuskarsa gaba.  Na miƙa hannu na kashe injin, na ɗaga ƙafar na ciro ledar. Ya tambaye ni dalili, na ce wata ƙara na ji. Da na matsa kusa na dube shi cikin hasken nan, sai na ga farin abu ya lulluɓe ƙwayar idonsa, na dama ya fi yawa. Ashe da ƙwaƙwalwa yake tuƙi, da kunne, da sanin kogin da ya yi shekara arba'in yana ratsawa. Tudu da duwatsu ba sa motsi, ya san inda suke. Abin da ruwa ya kawo yau ne ba ya gani.

Da muka dawo na ce masa injin na buƙatar babban aiki, na ɗauke shi zuwa gareji. Na cire robar famfon, lafiyarta ƙalau, na jefa a akwatin kayan aikina, na ce ta lalace kuma babu irinta a kasuwa sai an aiko. Kwana tara ke nan ina wannan ƙarya. Kullum da safe sai ya sa hularsa ya tafi bakin ruwa ya zauna a cikin jirgin da ba inji, fasinjojinsa na gaishe shi suna wucewa wurin Dogo. Ganinsa haka yana ci mini rai. Amma in na tuna mata sha takwas a tsakiyar ruwa, wasu da goyo, sai in ƙara tura akwatin ƙarƙashin benci. Ban gaya wa Inna ba, ko da yake na lura ta hana kowa gusar masa da buta da takalmi daga inda ya saba ajiyewa, don haka ban san wa ke ɓoye wa wani ba a gidan nan.

Jiya da hantsi sai ga shi a gareji. Ya jira 'yan hira suka watse, ya lalubi injin yana shafa shi tun daga murfi har ƙafa. Ya ce shi ma ya san inji, ya san ba abin da ya same shi, ya kuma san robar tana wurina.  Ya ce tun bara abin ya fara masa a ido, kamar hayaƙi, yana ta cewa zai washe. Ya ce ya ɗora mini laifi ne don in mutane suka ji mai fito ba ya gani, ko an warkar da shi ba mai sake shiga jirginsa, shi kuwa bai san wani zama ba in ba na jirgi ba. Bai ce in yafe masa ba, ka san Baba, amma ya daɗe riƙe da wuyan hannuna. Ya ce in bar robar inda take. Ni da na zo da shirin musu, sai ga ni ina share hawaye da tsumman mai.

Na yi tambaya a asibitinmu ba tare da na ambaci kowa ba, suka ce alama yanar ido ce, kuma ana cire ta a babban asibitin ido irin na wajenku, mutum ya koma gani. Don haka nake roƙonka, don Allah ka nemi hutu ka zo da kanka ka tafi da shi. Ni in na ce asibiti zai ce gobe, kai kuwa ba ya iya yi maka musu. Za mu ce wa jama'a ya tafi ganin jikoki kafin kayan inji su iso. Kada ka ja lokaci, don Dogo ya fara cewa zai kawo wani makanike daga ƙetare ya duba, tunda ni na gaza.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce mai ɗakina na godiya da saƙo. Ka shafa mini kan Babban Mutum da 'Yar Baba da ɗan autanku sarkin ɓarna. Inna da Gwaggo da Kawu duk suna gaishe ku. Abu ɗaya ya rage. In ka sauka a bakin ruwa za ka ji ana cewa ƙaninka bai iya gyara ba, wata biyu inji ɗaya ya gagare shi. Na san zuciyarka, za ka so ka tare mini. Don girman Allah kada ka musa musu, ka taya su dariya ka wuce gida.

Allah Ya kawo ka lafiya. Wassalam.

Ƙaninka,
Makaniken gidanku