Dambun Kinuwa

Soundview, Bronx
Oktoba

Zuwa ga Yaya Habiba,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidan da yara. Ya jikin Inna, ƙafar ta yi sauƙi? Ya sanyin Jos, ya fara sauka? Mu nan muna lafiya, Baban Hanan yana gaishe ku.

Kada ki yi mamakin ganin hoton takarda maimakon muryata. Gidan namu in na yi tari a kicin ana ji a ɗaki, Hanan kuwa ko da ba ta amsawa da Hausa, babu kalmar da ke wuce ta. Maganar kuma a kanta ce.

Yaya, akwai wata tsaba a nan da suke kira kinuwa. Ƙanana ce kamar gero, in ta dahu sai ta yi kama da accan da Inna ke mana gwate da ita, sai dai kowace ƙwara tana fitar da ɗan farin zare. Tun da Hanan ta shiga ƙungiyar gudu ta makarantarsu ta ce ita za ta riƙa ci, wai shinkafa da tuwo suna sa mata nauyi. Ban ga laifi ba. Ranar da na fara dafa mata, ɗaci ya hana ta ciwuwa. Maƙwabciyata Adjara, wata dattijuwa 'yar Kumasi, ita ta nuna mini cewa sai an wanke ta a rariya ana murzawa har kumfar ta daina fita. Yanzu na iya. Ruwa ninki biyu, wuta kaɗan, a rufe ta ta turara.

Abin da ya dame ni shi ne, daga kinuwar nan ba ta ƙara komai. Da farko tana sa kifi ko ƙwai, yanzu sai ganye da lemon tsami. Kayan Sallar da kika ɗinko mata, da ta sa ranar Juma'a sai da na kama ƙugun siket ɗin da fil. Na yi wa babanta magana, ya ce yayin 'yan matan ƙasar nan ne, zai wuce. Shi da ke fita tun safe tuƙin ofishinsu, wani lokaci ya wuni a filin jirgin sama na JFK jiran baƙi, bai ga yadda take juya cokali a faranti ba.

Wataƙila ni ce da saka abu a rai. Ki dai sa mu a addu'a, kada kuma Inna ta ji. A shafa mini kan yara.

Ƙanwarki,
Naja'atu

Soundview
Disamba

Yayata,

Bayan sallama da gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Na ji daɗi da Inna ta fara takawa har ƙofar gida. Allah Ya ƙara sauƙi.

Na ga shawararki, cewa in turo ta gida ta yi hutu a ɗura mata fura da nono. Yaya, abin ya wuce inda kike zato.

Na yi wata dabara. Na samo busasshen zogale a shagon 'yan Afirka, na turara kinuwa da shi kamar dambu, da albasa da attaruhu. Ta ci, har ta ce ya yi daɗi. Ranar ji na yi kamar an yi mini albishir da kujerar Makka. Daga nan na fara zuba man gyada a ruwan dahuwar kafin ta dawo daga makaranta, in barbaɗa garin ƙuli kaɗan yadda ba za ta gani ba. In ta tambaya, sai in ce babu mai. Mun ɗan ɗauki lokaci a haka, ina ta gode wa Allah.

Ranar Asabar ta shigo kicin ina wanke-wanke, ta ɗauki tukunyar ta shafa yatsa a ciki, ta ɗaga yatsan tana kallon maiƙon. Ba ta yi faɗa ba. Da Hausa ta yi mini magana, ita da sai ta yi wata ba ta haɗa jimla guda ba. Cewa ta yi, “Mama, har da ke?” Ta shige ɗaki.

Tun ranar ba ta ƙara cin abin da hannuna ya taɓa ba. Ta sayo 'yar ƙaramar tukunya, ita ke awo, ita ke wankewa, ita ke dafawa, ta tsaya a kai har ta sauke. Abin da take zubawa ko yaron goye ba zai ƙoshi ba. Kullum tana cikin rigar sanyi biyu alhali hitar ɗumama ɗaki na aiki. Gashinta na zuba, ina tsintarsa a banɗaki. Na kuma lura audugar matan da na saya mata tun bazara tana nan ba a buɗe ba.

Abin haushi, a masallaci mata sai yaba ta suke yi, wai ta zama siririya kamar masu tallar kaya a talabijin, har wata ta ce ta koya wa 'yarta sirrin. Ni kuwa in na kalli wuyan hannun Hanan sai in kau da kai. Na ce mu je asibiti, ta ce lafiyarta ƙalau, tana ma cikin waɗanda suka fi gudu a ajinsu. Babanta ya daka mata tsawa sau ɗaya, ta wuni ba ta sa komai a baki ba, shi ma ya tsorata bai ƙara ba.

Rubutun da kika ce za ki karɓo, ki karɓo, ba na raina komai yanzu. Amma ban san yadda zan ba ta ba, don ko ruwa na miƙa mata sai ta shinshina.

Ki gaida kowa. Taki,
Naja'atu

Soundview
Ramadan

Yaya Habiba,

Assalamu alaikum, barkanmu da shigowar wata mai alfarma. Ya ibada? Allah Ya karɓa mana. Ki yi haƙuri da shirun da na yi, ga abin da ya faru.

A watan jiya Hanan ta yanke jiki ta faɗi a wajen gudu. Daga makaranta aka wuce da ita asibiti, can na same ta da wayoyi manne a ƙirji. Likitar ta ce zuciyarta ta rage bugawa saboda yunwa. Ta zaunar da mu ta yi bayani, cewa ciwo ne sananne mai suna, ba taurin kai ba ne, ba kuma iyayi ba. Tsoron abinci ne ke kama mutum har ya fi ƙarfinsa, kuma yana kisa. Baban Hanan ya fita baranda ya daɗe. Da ya dawo idanunsa sun yi ja.

Sun riƙe ta kwanaki kafin su sallame mu da sharuɗɗa. Babu gudu. Ni zan dafa, ni zan zuba, wani ya zauna da ita har ta gama. Ba a ɓoye mata abin da ke cikin tukunya, ba a kuma yin ciniki da ita. Na gaya wa likitar zancen man gyadan, ta ce man daidai ne, ɓoyewar ce ba daidai ba.

Sai ga azumi. Hanan ta yi ta murna da zuwansa, murnar da ta ba ni tsoro, don na gane abin da take hange. Likita ta ce ko kusa. Hanan ta yi kuka ta ce muna hana ta addininta. Babanta ya kai maganar ga limamin masallacinmu, liman ya zo har gida ya gaya mata da bakinsa cewa marar lafiya ba ya azumi, ibadarta ta bana ita ce ta ci.

Ranar farko da azahar na kira ta kicin. Na wanke kinuwa a gabanta, na turara da zogale, na ɗauko kwalbar mai na tsiyaya tana kallo. Ta ce ya yi yawa, na ce haka aka ce, ban rage ba. Babanta ya nemi izini a wajen aiki ya dawo. Da ta ce ba za ta iya ci ita kaɗai a gaban masu azumi ba, na ƙwanƙwasa wa Adjara, wadda ciwon suga ya hana ta azumi. Baiwar Allah ta taho da cokalinta, ta zauna tana ci tana ba mu labarin kasuwar Kumasi kamar ba abin da ke faruwa.

Hanan ta daɗe tana kallon farantin, hawaye na ɗiga a ciki. Ni da babanta muna zaune a gefenta. Can ta kai cokali baki. Ta sake kaiwa. Sai ta ajiye, na ce a raina shi ke nan. Ta dube ni ta ce, “Mama, babu gishiri.”

Gaskiyarta, ina azumi ban ɗanɗana ba, ruɗewa kuma ta sa na manta. Ta tashi da kanta ta ɗauko gishiri da yajin da kika aiko, ta barbaɗa, ta juya, ta ci gaba. Yaya, rabon da 'yata ta damu da ɗanɗanon abinci har na manta. Sai da na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada ta ji kukana.

Ba ta cinye ba, ta bar kusan rabi. Jiya ta ture farantin gaba ɗaya, sai da muka sake sabon zama. Yau da ɗan dama. Ranar Alhamis za a auna ta, in ba ta ƙaru ba za su sake kwantar da ita, kullum da wannan nake tashi sahur.

Yanzu ki gaya wa Inna, a hankali. Ina son addu'arta a wajen buɗa baki. Bari in tsaya nan, lokacin cin Hanan na la'asar ya yi, Adjara ma ga ta tana ƙwanƙwasa ƙofa.

Ƙanwarki mai kewarki,
Naja'atu