Jitar da ke kayar da Innata

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan gida. Adimin don Allah ka ɓoye sunana, garinmu ƙarami ne, ko tari ka yi sai an san ɗan gidan wa ya yi shi. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku fara zagina, na san akwai masu jiran su ji an ambaci kiɗa su zaro wa'azi, wallahi na sha wa'azin nan na ƙoshi, mafita nake nema yanzu.

Ni ɗan wani gari ne a ƙasar Sule Tankarkar, gyaran waya nake yi a Gumel, in tafi da safe a kan mashin in dawo da yamma, domin ni kaɗai na rage tare da mahaifiyata tun da Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa bara. Sunan mahaifinta aka sa mini, shi ya sa ba ta kirana da sunana, Babana take ce mini. Yayana shi ne ɗan farinta, yana Gagarawa da iyalinsa da makarantarsa ta allo, mutum ne mai kirki, amma in ya ce a'a to ko ƙasa za ta tsage a'a ɗin ce.

Tun ina kwaleji na koyi jita, ba don roƙo ba, ban taɓa bugawa a biki ba, abin ɗebe kewa ne kawai. Matsalata murya, Allah ya ba ni murya mai kauri har abokaina Janareto suke kirana, duk waƙar da na ɗauko a ƙaramar jitata sai ta yi mini sama, in na sassauta tsirkiyoyin don su sauko sai su riƙa reto kamar igiyar shanya. Inna ba ta taɓa hana ni ba, tsokanata kawai take yi, ta ce in tashi da sauron nan nawa daga kunnenta. Amma tun da aka yi rasuwar nan tsokanar ta ɗauke. Ta fita takaba amma kamar ba ta fita ba, ba magana ba dariya, tuwo sai ta tsakura ta ture, ta rame har zobe yana zamewa daga yatsanta. Na kai ta asibiti, an yi rubutu an yi addu'a, shiru.

Wata Alhamis na je kasuwar Maigatari sayen kayan gyaran waya, sai na tarar da wani mutumin Damagaram ya jingina jitoci a rumfa. Ɗaya ta fi sauran dogon wuya, tsirkiyoyinta masu kauri, ga rami a gefe inda ake jona ta da sifika, ga wajen batir. Da ya ji muryata sai ya yi dariya ya ce, “Bon, kai waɗannan ƙananan ba naka ba ne, ɗauki wannan bariton ɗin, mai kaurin murya, ka ji.” Na gwada sauran don kada in yi gaggawa, amma da na rungumi wannan na taɓa tsirkiyar ƙasa, sai na ji ƙarar a ƙirjina kafin ta iso kunnena. Na rera baiti ɗaya, karon farko a rayuwata na ji muryata da kiɗa sun zauna wuri ɗaya ba mai jan wani. Ko tayi ban tsaya yi da kyau ba na ɗaure ta a baya na taho gida ina murna kamar wanda aka yi wa haihuwa, ban san abin da na goyo ba.

Washegari bayan la'asar na zauna a tsakar gida, ko sifika ban jona ba, Inna tana can gefe tana tsintar wake. Akwai wani kiɗa da nake bugawa shekara da shekaru, babban yatsa yana dukan tsirkiyar ƙasa yana maimaitawa sauran suna amsa masa, ni dai a tunanina ni na ƙirƙiro abina. Ban yi nisa ba na ji faifai ya faɗi. Na ɗago na ga Inna tsaye, matar da sai ta dafa bango take tashi saboda ciwon gwiwa, ta ɗaure zane a ƙugu, idanunta sun juye, tana takawa daidai da kiɗan. Kafin in ajiye jitar ta yi tsalle ta faɗo zaune a ƙasa, tana magana da wata murya wadda ba tata ba. Na yi ihu, mata maƙwabta suka shigo, aka kira liman ya yi ta karatu a kanta har ta yi atishawa ta dawo hayyacinta. Abin da ya fi ɗaure mini kai, da ta farfaɗo sai ta ce yunwa take ji. Ta cinye tuwo tas ta nemi ƙari, ta yi barcin da rabonta da irinsa tun mahaifinmu na da rai, da safe har ta tsokane ni ta ce sauro ya girma.

Da labari ya kai wa kawuna, ƙaninta, ya zo ya ja ni bayan gida ya faɗa mini abin da ba a taɓa faɗa mana ba. Ashe kakana da na ci sunansa makaɗin garaya ne na 'yan bori, a ƙauyukan bakin iyaka har cikin Nijar ake ɗaukarsa, kuma Inna tana budurwa an yi mata girkar bori saboda wani ciwo, in yana kiɗa ita ce ke hawa. Daga baya ta tuba ta bari, mahaifinmu ya aure ta ya kawo ta garin da ba a san ta ba, ya rufa mata asiri har ya koma ga Allah. Kawu ya ce in buga masa abin a hankali nesa da gida, ina farawa ya kama hannuna ya ce, “Bari, bari. Wa ya koya maka taken nan? Na Baba ne, da shi yake kira mata iska.” Sai a lokacin na tuna, shi ne abin da take gunguni da hanci in ta goye ni tana daka. Shekaru ina buga shi a ƙaramar jita bai taɓa motsa ta ba, domin muryar ba ta kai ba, wannan mai kaurin ce ta fito da shi sak babbar garaya.

Na kai Inna asibiti a Gumel, likita ya ce ba farfaɗiya ba ce, amma jininta ya hau sosai, ya ce a shekarunta irin wannan faɗuwa tana iya karya mata ƙugu ko ta jawo shanyewar ɓarin jiki. Na rataye jitar na ce na gama. Ni Musulmi ne, na yi imani babu mai warkarwa sai Allah, kuma ina tsoron a ce da hannuna nake kiran abin da ta tuba ta bari. Amma ba a jima ba Inna ta koma gidan jiya, shiru, ture kwano, kallon bango. Ran nan na kawo mata kunu sai ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, “Babana, ba za ka taɓa mini abin nan ba?” Na ɗauko ƙaramar na buga, ta ce wannan sauro ne. Na yi rikodin babbar a shago na kunna mata a waya, ta ce gwangwani take ji. Na ƙi, na ƙi, har ranar da na ga ta kasa ɗaga buta, sai na rufe ƙofar gida, na shimfiɗa katifa a ƙasa, na buga mata babbar a hankali. Abin ya sake motsa mata, ta faɗi gefen da babu katifar, goshinta ya fashe. Ina wanke mata jinin ina kuka, ita kuwa tana dariya tana ba ni labarin yadda mahaifinta yake ɗaura ta a kan jaki in za su kiɗa, labarin da ban taɓa ji ba. Ranar ma ta ci abinci. Wallahi har yanzu ban sani ba, iska ce ke hawanta ko kewar ubanta ce da ta danne tun ban zo duniya ba.

Katangarmu gajera ce, maganar ta isa Gagarawa. Yaya ya zo ransa a ɓace, muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Ya ce na tone abin da mahaifinmu ya ƙare rayuwarsa yana binnewa, ya ce har wasu iyaye sun fara zuwa ɗauke 'ya'yansu daga makarantarsa wai ba za su bar su a hannun ɗan 'yar bori ba, ya ce in ta mutu a cikin wannan hali me zan gaya wa Allah. Na ce masa shi yana zuwa ya gaishe ta ya tafi, ni ne nake kwashe kwanon da ba a taɓa ba kullum. Ya ce yunwa ta fi shirka sauƙi, na ce to ya zo ya zauna ya kalle ta tana ƙarewa. Duk abin nan Inna tana bayan labule tana ji, kun san kunyar ɗan fari, ko sunansa ba ta faɗa balle ta tsaya ta roƙe shi. A ƙarshe ya ce zai dawo ranar Juma'a bayan masallaci, ko ya tarar na fasa jitar, ko ya tafi da Inna Gagarawa kuma kada in taka masa gida. Kuma abin haushin, ban iya cewa ƙarya yake yi ba.

Kada ku ɗauka jitar nake ji, ina sonta, ban taɓa mallakar abin da ya dace da ni kamarta ba, amma wallahi yau zan sa mata gatari in dai Inna za ta ci abinci. Matsalar na san ba za ta ci ba. In na fasa ta koma kallon bango har ta ƙare, in aka kai ta Gagarawa gidan ɗan da ba ta iya buɗe baki a gabansa nan ma haka ne, in na ci gaba da bugawa wata rana za ta faɗi ba ta tashi ba, ga zunubin da nake tsoro. Duk inda na juya ni ne sanadi. Aikin shago ma ya gagare ni, jiya wayar mutum na buɗe na zauna ina kallonta na manta abin da ya kawo ta.

Shekaranjiya na dawo na tarar babu jitar a inda na rataye ta. Na leƙa ɗakin Inna na ga jitar a kan gado, an lulluɓe ta da zanenta na Sallah, ita kuma Inna ta sauko tabarma. Yau da safe zan fita ta riƙe mini hannun riga, hannun nan da ba sauran nama a jikinsa, ta ce, “Babana, na ji abin da wancan ya ce, ba zan hana shi ba. Amma kafin Juma'a, sau ɗaya.”

Malaman cikinku, likitocin cikinku, da duk wanda ya taɓa jinyar uwa, don girman Allah ku faɗa mini gaskiya ko da za ta yi mini zafi. Yau Laraba. In buga mata, ko in bar ta ta tafi da roƙonta a baki?