Hannun Hagun Toufik

Levenshulme, Manchester
5 ga Mayu, 2008

Yaya Safia,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara. Yaya ƙafar taki da sanyin Birmingham?

Yaya, na kasa zaune na kasa tsaye. 'Yan talabijin daga Amurka za su zo ran Asabar in ba su labarin ƙuruciyar ɗana Toufik, tunda yanzu a wasan besbol ɗin nan sunansa ake kira wajen jifan ƙwallo. Talauci suke son ji, shi kuwa ba sai na ƙara gishiri ba: ɗaki ɗaya a Hulme, takalmin gwanjo, tsofaffin safa da yake dunƙulewa yana jifan bango har maƙwabta suka kai ƙara wurin hukumar gari.

Ba wannan ke damuna ba. Kowa hannun hagunsa yake yabo, wai bahago tsada gare shi a wasan. Ke kin san abin da na yi wa hannun nan. Da ɗankwali na riƙa ɗaure masa shi lokacin cin abinci, in ya zare in buge shi da ludayi, don kada 'yan uwanmu na Kumasi su ce ban iya tarbiyya ba. A shekarar in'ina ta kama shi. Har yau in ana hira da shi a talabijin harshensa ya sarƙe, kicin nake shigewa.

Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma haka. Da wace fuska zan karɓi yabo? Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Abibatu

12 ga Mayu, 2008

Yaya Safia,

Ina gaisuwa, ina fata ƙafar ta yi sauƙi.

Sun zo, sun ɗauki hoton bangon, sun tafi. Ban gaya musu maganar hannun ba, ba su na yi wa laifi ba. Suna fita na buga wa Toufik waya na roƙi gafara.

Na zaci zai ce ya manta. Bai manta ba, har launin ɗankwalin ya faɗa mini. Ya ce ya ji zafi ƙwarai. Daga nan ya fara wata kalma, ta maƙale masa. Shekara ashirin kenan ni ke ƙarasa masa magana saboda gajen haƙurina, kuma na san wannan kalmar, ita nake nema. Na toshe bakina da hannu na jira, ina jin numfashinsa.

Ya daɗe, Yaya. Amma da bakinsa ya ce ya yafe.

A gaida Alhaji.

Taki,
Abibatu