Ciwon daga jinina ya fito, amma na ɗora wa matata

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe, zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni kafinta ne a unguwar Anloga, gidana yana unguwar Aboabo. Ana yabona wai ba na yanka katako sai na auna sau bakwai. Ba ƙwarewa ba ce jama'a, waswasi ne. In na auna sai zuciyata ta ce ƙarya ne, in sake. Alwala kuwa sai na yi huɗu biyar, shi ya sa nake yin ta a bayan shago inda ba mai gani. Haka babana yake, Allah ya jiƙansa, sai mun kai tashar trotro, motocin haya, ya ce mu koma a duba ko ya kulle ƙofa. Shekara ashirin da biyu da aure, matata ba ta san komai ba.

Sai ga shi ya ɓullo wa 'yata ta fari, bari in kira ta Rabi. Yarinya mai ƙwaƙwalwa ce paa, ba kaɗan ba, amma ta faɗi jarrabawa saboda amsa ɗaya take ta gogewa tana sakewa har lokaci ya ƙare. Aka yi ruƙiyya, aka sha rubutu, shiru, muka kai ta asibiti ni da uwarta. Likitar ta ba Rabi wasu katuna ta ce ta ware su kala-kala, can ta canja doka ta ce yanzu ta bi siffa, Rabi ta kasa sakin kala. Ina zaune ina kallo, wallahi ni ma a raina kalar nake bi. Likita ta ce ciwo ne kuma ana maganinsa, sau da yawa gado na da hannu, har wannan wahalar sauya tunani akan same ta a dangi. Ta tambaya ko akwai mai irin haka a gidanmu.

Me ya hana ni cewa ga ni? In aka ji a Zongo, cikin jama'armu, kaina ba daidai ba, wa zai sake kawo mini aiki, wa zai nemi auren ƙannen Rabi? Bakina ya riga ni. Na ce wajenmu babu, amma uwarta tana da wata inna a unguwar Tafo mai taɓin hankali. Akwai innar, sai dai ciwonta daban ne, na kuma sani. Matata ta sunkuyar da kai.

Wata huɗu ke nan. Maganar ta kai kunnen yayyena, suna ta yi wa matata habaici, ta daina zuwa biki da suna, duk ta rame. Rabi tana samun sauƙi, amma rannan na ji ta ce wa uwarta ita ta ja mata. Jiya da azahar matata ta kawo mini abinci shago, ta same ni a baya ina alwala ta uku. Ta jira na gama, ta durƙusa cikin garin katako ta ce, "Baban Rabi, ka yafe mini, na ɓata maka zuri'a. Kai da ko alwala ba ka wasa da ita, ba ka cancanci haka ba."

Na ce na yafe. Ni, da buta a hannuna, na ce na yafe mata.

In na faɗi gaskiya ina tsoron ba za ta sake kallona da mutunci ba, in na yi shiru kuma ina kallo tana ƙarewa a kan laifin da ba nata ba. Don girman Allah, me zan yi?