Abin da Ya Shiga Tsakanina da Khaula

Garwa

Zuwa ga Yaya Rabi'atu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Malam da yara a Kano. Ya ciwon ƙafar? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu nan kalau muke, Inna ma ta samu ƙarfin jiki, har tana fita tsakar gida.

Yaya, maganar 'yarki Khaula ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin na kasa faɗa miki a waya. Kin san tun da ta gama karatu a Maruwa ita ke riƙe min ofis. To, kwanakin baya na sa wani mai gyara, Parfait, ya ɗora wa kwamfutocinmu manhajar da ke tsare su daga masu leƙen asiri. Bayan haka sai abubuwa suka rikice. Kullum da safe in na buɗe burauza, manhajar da muke shiga intanet da ita, sai in ga shafin farko ya sauya, kalmomin sirrin da muka ajiye sun goge, shafin da muke karɓar odar shinkafar Lagdo ya ƙi buɗewa. Har wata rana motarmu ta tafi Lagdo ta dawo ba kaya.

Ban yi bincike ba, Yaya. Khaula ke fara zuwa ofis, sai na ɗora mata laifin. A gaban Gaston direba da sauran ma'aikata na ce ita ce ke shige-shigen banza a kwamfutar aiki, na ce da wa take hira da har take goge sawunta. Ta rantse ba ta taɓa komai ba, ta ce a kira mai gyaran. Na ce ban tambaye ta shawara ba. Ta ajiye makullai a tebur, ta tafi Ngong wajen Gwaggo Hadje.

Washegari ba ta nan, amma kwamfutar ta sake yin abinta. Kwana na biyu ma haka. Da Parfait ya zo, sai ya ce manhajar ce: duk sauyin da ta gani a burauza ɗauka take aikin ɓarayi ne, sai ta mayar da komai yadda take so. Nan take ya gyara, yana dariya. Ni kuwa na kasa kallon Gaston.

Na bi Khaula har Ngong. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta kawo min abinci da hannunta. Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, ya wuce. Amma har na taso, Patron take ce min, wato maigida, kamar sauran ma'aikata. Yarinyar da na goya a wuyana, ko sau ɗaya ba ta ce Kawu ba.

Na tara ma'aikata na gaya musu gaskiya, na wanke ta a inda na ɓata ta. Ba ina roƙon ki sa ta dawo aiki ba ne, wannan sai abin da ta ga dama. Ki dai kira ta, domin na san ba ta gaya miki ba, ita kaɗai take haɗiye abin.

Ki gaishe min da Malam, da Mahfuzu da iyalinsa. Inna tana gaishe ki, kullum sai ta tambaye ni yaushe Khaula za ta dawo.

Ƙaninki,
Abakar