Baba da Ɗaya ga Janairu

Daren Laraba, sha biyu ga Safar

Na gaji tiƙis. Yau na kai Baba Sabon Birni bisa mashin a yi mishi katin ɗan ƙasa, don in babu shi babu takin zamani bana.

Ma'aikaciyar ofishin ta ce, "Baba, yaushe anka haife ka?"

Ya ce, "Watan Azumi, shekarar da fari sunka cinye gero."

Ta ce na'urarta ba ta san Azumi ba, sai watannin da Turawa sunka kawo.

"To, ƙasarka fa?"

"Gobir."

Na raɗa mishi, "Najeriya, Baba." Ya ce wa ya sa mata wanga suna? Na ce wata Baturiya ce, daga sunan wani kogi.

Ya ce, "Ta yanka rago?"

Mutanen layi sunka kwashe da dariya, ni kau kamar in nutse. Ƙarshe anka rubuta mishi ɗaya ga Janairu.

Ashe ƙanenshi, Kawu Bello, haka anka rubuta mishi bara, har shekarar ma iri ɗaya. Da Kawu ya ga takardar, ya ce tunda gwamnati ta ce su tagwaye ne, ya bar durƙusa mishi ke nan.

Baba ya ce in sha mai, gobe da sassafe za mu koma a gyara.