Kaset ɗin gwajinka, Baba

Assalamu alaikum, Baba.

Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta 'ya ga mahaifinta, ina fata Allah Ya sanyaya makwancinka. Ni ce Rakiya, daga Lyon ta Faransa. Ina da labarin aiki, kuma ba wanda zai gane daɗinsa kamarka.

Ka bar ni ina karatun injiniya a Villeurbanne, kana ta cika wa abokanka baki a kasuwar Damagaram cewa jirgin sama zan ƙera. To, Baba, sana'arka na koma. Kai kana gyaran rediyo mai kaset, ni ina gyaran wani tsohon abin kiɗa mai kama da fiyano. A ƙarƙashin kowane madanni akwai zaren kaset guda. In aka danna, roba ta ja zaren ya bi ta kan wani ɗan kai mai karanta sauti, sai ka ji sarewa ko goge ko murya. In aka saki, zaren ya koma mazauninsa. Masu iya gyaransa ba su da yawa, kuma ba yabon kai ba, hannuna ya faɗa.

Watan jiya wata dattijuwa Bafaranshiya, Madam Odil, ta kira ni zuwa Paris. Mijinta makaɗi ne, ya rasu. Ya bar mata irin wannan inji, kuma zaren da ke ciki muryarsa ce, shi ya rera sautin kowane madanni da bakinsa. Babu kwafinsa ko'ina. Za ta koma gidan tsofaffi, inda ba wurin ajiye injin, tana so ta ji mijinta kafin a fitar da kayan.

Na tarar robobin sun bushe sun yi tauri, man injin ya daskare, kawunan sun yi baƙi. Na goge su da sinadarin alkol, na sauya robobi, na zuba mai, na daidaita gudun injin har ya daina rawa. Ita kuwa tana tsaye a kaina, hannunta na ta kaiwa ga madannai. Na hana ta. Ranta ya ɓaci, ban damu ba.

Kai na tuna, a rumfarka, da turnabis na kwance kusoshi a bayan kunne. Ba ka taɓa saka kaset ɗin mai kaya a rediyon da ka gama gyarawa ba. Sai ka ɗauko naka, wanda ka ɗauki muryarka a ciki kana sallama kana ƙirga, ka fara gwadawa da shi. Kakan ce, "Rakiya, in zai ci, ya ci namu." A lokacin ina ganin ɓata lokaci ne kawai.

Shi ya sa tun kafin in kunna wuta na cire zarurrukan mijinta gaba ɗaya na ajiye gefe, na ɗora nawa na gwaji. Na bi madannai ɗaya bayan ɗaya. Can wajen tsakiya, wani ya kama zarena ya tauna shi ya tsinke. Ashe wani ɗan ƙarfe ne ya lanƙwashe inda ido ba ya kaiwa. Madam Odil ta dubi tsinkakken zaren, ta nemi kujera ta zauna.

Na miƙe ƙarfen, na sake bi har na gamsu, sannan na mayar da nata. Ta danna da yatsa ɗaya. Muryar mutumin ta cika ɗakin, tas, kamar yana bayan ƙofa. Ta danna uku tare, ya amsa mata da murya uku. Na fita baranda na ba su wuri.

A jirgin ƙasa na komawa Lyon na yi kuka, Baba. Bayan rasuwarka ni da Inna mun juye akwatinka muna neman muryarka. Kaset-kaset ɗin gwaji ne kaɗai inda ka taɓa ɗaukarta, kuma rediyoyin mutane sun cinye su duka. Rabin Damagaram na da kaset ɗinsu lafiya lau saboda kai, mu ba mu da ko sallamarka.

Ban ga laifinka ba, haka aikin yake, kuma haka zan ci gaba da yi. Ni ma muryata ce a zaren gwajina. Abu ɗaya na sauya: na ɗauki guda na sa a akwati domin jikarka Nana, kuma ba injin da zai taɓa shi.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya sa Aljanna ce makomarka, Ya haɗa mu inda zan sake jin ka kira sunana.

'Yarka mai riƙe da turnabis ɗinka,
Rakiya